Dokar Gandun Daji: An Kori Mai Gatari, An Bar Wa Mai Bindiga

Ina neman afuwar waɗanda suka leƙo domin jin yadda za ta kaya a babi na gaba na labarinmu. A wannan makon alƙalamin nawa ya ƙi tafiya fagen soyayya, ya karkata ya nufi daji, ni kuma na ga gara in bi shi in ga inda zai tsaya.

Mai karatu, bari in jero maka wasu sunaye, kai kuma ka faɗa wa kanka abin da ya fara faɗo maka a rai: Sambisa, Rugu, Kamuku, Kuyambana, Allawa, Falgore. Na tabbata ba inuwa ka tuna ba, ba zuma ba, ba kuma garken gwanki ba. Abin da ka tuna shi ne 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a 2014, da yaran Ƙanƙara sama da 300 da aka kora cikin daji da ƙafa a ƙarshen 2020, da 'yan matan Jangebe a 2021, da ɗaliban Kuriga a 2024, da direbobin da sukan yi addu'a su riƙe numfashi idan sun zo ratsa wani yanki na hanyar Birnin Gwari. To amma ga abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba: duk waɗannan dazuzzuka da na lissafa, babu ko ɗaya da yake dajin-Allah wanda ba shi da mai shi. Kowannensu gandun gwamnati ne, yana da iyaka a taswira, yana da takarda, yana da dokar da ta hana talaka shiga da gatari. Kamuku tun 1936 yake gandun daji, a 1999 kuma aka ɗaga darajarsa ya koma hannun tarayya. Wato inda doka ta fi kauri a takarda, nan ne 'yan bindiga suka fi shimfiɗa tabarma.

Wai shin me ya kawo haka? Amsar da aka saba ji ita ce, ai ba a aiki da dokar ne. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya ce. Ni a ganina ita kanta dokar da tawaya aka haife ta, domin an gina ta ne a kan raba daji da mutanen da suke kwana a bakinsa. Ranar da mai gadin ya gaji ya tafi, sai aka wayi gari babu wanda yake jin dajin nasa ne balle ya tsaya masa.

Bahaushe dama yana da wata irin zama da daji mai wuyar fassara. A bakinmu, gari shi ne mutunci, daji kuwa wurin kura da aljanu. In an so a zagi mutum sai a ce ɗan daji ne. A littattafanmu na hikaya ma, da wuya ka ga an ambaci daji sai idan za a kai yarinyar da aka sace, ko za a je wajen boka, ko jarumi ya ɓata a “ƙungurmin daji mai duhuwa”. Amma shi wannan Bahaushen, miyarsa daga daji take: kuka, daddawa, tsamiya, man kaɗanya. Maganinsa daga daji yake. Turminsa da taɓaryarsa, ƙotar fartanyarsa, allon ɗansa, azarar ɗakinsa, har da itacen da za a jera a kabarinsa, duk daga can suke. Muna zagin daji da baki, muna cin sa da hannu biyu.

Kuma kada wani ya ce mana Turawa ne suka koya mana tsaron itace. Kafin zuwansu, kusan kowane gari yana da huruminsa, filin da ba a noma shi, an bar shi domin kiwo da itace da amfanin kowa. Akwai burtali na wucewar shanu, akwai kurmin da ko yaro ya san ba a kai masa wuta. Akwai Sarkin Dawa da Sarkin Baka waɗanda suka san lokacin da ake farauta da lokacin da ake barin dabbobi su hayayyafa. A ƙasar Kano da Zazzau, bishiyar ɗorawa dukiya ce mai zaman kanta. Ana gadonta, ana jinginar da ita, har mutum kan sayar da gona ya ce ban da ɗorawar da ke ciki. A Damagaram ana ba da tarihin cewa Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani a kan gawo, har ta kai wanda ya sare shi yana iya rasa ransa. Ba ina cewa a dawo da takobi ba ne. Abin da nake nunawa shi ne, sarkin ya san abin da manomi ya sani: gawo kan zubar da ganye da damina ya taki gona ba tare da ya yi wa gero inuwa ba, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da dabbobi.

A shari'ar Musulunci ma akwai abin da ake kira hima, wato keɓe wani yanki domin maslahar jama'a. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyadina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan tarihi shi ne umarnin da Umar ya ba mai gadin wurin: ya sassauta wa mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tare garkunan manyan attajirai, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka ba shi da inda za shi sai ƙofar shugaba da iyalinsa. Mai karatu, riƙe wannan a hannu, domin za ka ga yadda tamu dokar ta juya shi ta mayar da kai ƙafa.

Da Turawa suka zo, sai suka kawo Dokar Daji ta 1916 a zamanin Gwamna Lugga, aka sake mata fasali a 1937. Burinsu shi ne a keɓe kashi 25 cikin ɗari na ƙasar a matsayin gandun daji, amma abin da suka iya kaiwa bai wuce kimanin kashi 10 ba. Babu laifi a ce sun yi aiki. Ba don wannan shata iyaka ba, da wasu dazuzzukan sun zama gonaki tun kafin a haife mu. Sai dai niyyarsu ta farko katako ce da kuɗin shiga, ba miyar talaka ba. A Arewa, En'e ce ta riƙe aikin, kuma duk wanda ya zauna da dattawan ƙauye ya ji labarin malamin daji: mutum ɗaya da keke da gajeren wando, amma in ya shigo gari sai a ɓoye gatura a ƙarƙashin gado. Tsarin ya yi aiki saboda abu biyu. Na farko tsoro. Na biyu, malamin daji ba shi kaɗai yake ba. A bayansa akwai mai unguwa, da dagaci, da hakimi, da alƙali, da ɗan doka, dukkansu a kusa, dukkansu sun san wanda ya sari me. To amma a ƙarƙashin wannan tsoron wani abu ya mutu: dajin da a da ake cewa “namu”, ya koma “na gwamnati”. Kowa kuwa ya san yadda muke yi da abin da aka ce na gwamnati ne.

Daga nan sai aka fara zare wa tsarin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta kau. A 1978 aka yi Dokar Mallakar Ƙasa wadda ta damƙa duk filin jiha a hannun gwamna. Kuɗin man fetur ya shigo, ma'aikatar daji ta koma 'yar bora, ofis ne mai tebur da kalanda, babu mota, babu babur, ma'aikacin da ya yi ritaya ba a maye gurbinsa. Shi kuma gandun daji ya zama wani asusu da ake ciro kyauta daga ciki: a yanka wa wannan babban mutum gona, a yanka wa wancan kamfani, a ce an soke matsayin wani ɓangare, wani lokaci ma ba tare da mutanen ƙauyen da ke gefe sun ji ba sai sun ga katafila.

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 20, ya ɗora wa gwamnati nauyin kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. Magana mai daɗi. Amma sashen yana cikin Babi na Biyu ne, wanda shi kundin da kansa, a sashe na 6, ya ce kotu ba za ta tuhumi gwamnati a kansa ba. Ka ji an ba ka da dama an karɓe da hagu. Sannan harkar daji ba ta cikin jerin abubuwan da tarayya take yi wa doka, in ban da manyan gandayen ƙasa. Ta jihohi ce. Shi ya sa za ka ga daji ɗaya ya ratsa Kaduna da Zamfara da Neja da Katsina, kowace jiha da tata dokar, da yawa daga cikinsu kuma jikokin ta 1937 ne da aka sauya wa riga, da tarar da ba ta kai kuɗin buhun gawayi ba. Ɗan bindiga ba ruwansa da iyakar jiha, mai zarto ma haka.

Ba wai takardu muka rasa ba. Akwai Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963. Akwai dokar soja ta 1985 kan dabbobin da ke neman ƙarewa, wadda tararta ta tsaya a naira 1,000 har sai da aka gyara a 2016 aka kai ta miliyoyi. Shekara 31 ke nan tarar ba ta motsa ba, har giwa ta koma tana da farashin da bai kai na ɗan akuya ba. Mun sa hannu a yarjejeniyar Rio ta 1992 kan kare halittu iri-iri. An yi manufar daji ta ƙasa a 2006, aka sabunta ta a 2020. Sai dai manufa ba doka ba ce, ba a ɗaure kowa da ita. Kuma duk da wannan tarin takardu, alƙaluman da jami'ai da kansu suka sha ambata su ne cewa ƙasar tana asarar hekta 350,000 zuwa 400,000 na daji a kowace shekara.

Bari in ɗan daɗe a Falgore, domin shi ne a ƙofar gidanmu. Yana kudancin Jihar Kano, tsakanin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 1,000, kuma hanyar Jos ta ratsa ta cikinsa. Sunansa na farko, tun shekarun 1940, shi ne Gandun Dajin Kogin Kano, kuma a wannan sunan sirrin yake. Kogin Kano ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga Tiga ne ruwa yake gangarowa zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ake noman shinkafa da tumatir da alkama, daga can ya wuce ya haɗu da na Calawa ya nufi Haɗeja. Aikin daji a nan mai sauƙin fahimta ne: saiwa tana riƙe ƙasa, ganyen da ya zuba yana sa ruwan sama ya nitse a hankali maimakon ya kwarara. In aka aske dajin, ruwan zai zo a guje lokaci ɗaya da yashi da laka, ya cike cikin madatsa, da damina a yi ambaliya, da rani a yi ƙamfa. Saboda haka Hajiyar da ke buɗe famfo a birni, da mai sayen kwandon tumatir a 'Yan Kaba, duk suna da rabo a Falgore, ko da ba su taɓa taka shi ba. Wanda yake ganin maganar daji ta ƙauyawa ce, to ya sake lissafi.

Wannan abin da masana suke kira yalwar halittu, ni a sauƙaƙe nake fahimtarsa. Tambayi yaron birni ɗan shekara goma sha biyar ya nuna maka taura, ko tsada, ko ɗinya, ko gwandar daji, ka ga ikon Allah. Tambayi mai maganin gargajiya nisan da yake yi yanzu kafin ya samu sassaƙen maɗaci ko marke. Ƙudan zuma da ke barbarar furen gona, ungulu da ke share mushe kafin ya zama annoba, mujiya da ke rage ɓera, duk ma'aikata ne da ba a biyansu albashi. Zaki da ya cika tatsuniyoyinmu da kirarin sarakunanmu, yau a duk Nijeriya bai rage ba sai 'yan ƙalilan a Yankari da yankin Kainji. Giwayen Yankari, waɗanda suke cikin garke mafi girma da ya saura a ƙasar, ƙididdigarsu ɗari da 'yan kai ce. Nan gaba sai mu riƙa rubuta wa jikokinmu ƙamus kafin su gane karin maganar kakanninsu.

In kana son ganin yadda raunin doka yake cin daji da rana tsaka, dubi abin da ya faru da madobiya. Itace ne mai jan ciki wanda makiyaya suke ji da shi, domin ganyensa abincin shanu ne a ƙarshen rani. Masu kuɗin ƙasar Sin suna son katakonsa domin kujerun alfarma, kuma da ya ƙare a wasu ƙasashe sai 'yan kasuwa suka juyo Nijeriya wajen 2013. Cikin 'yan shekaru Taraba da Adamawa da Kogi suka cika da ƙarar zarto mai inji, har ana kutsawa gefen Gashaka-Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a ƙasar. Tireloli suna lodi suna nufar tashar jiragen ruwa ta Legas, suna wuce shinge bayan shinge. A 2016 yarjejeniyar CITES ta sa madobiya cikin itatuwan da ba a fataucinsu sai da izini, a 2018 kuma ta dakatar da cinikinsa daga Nijeriya. Wato sai da aka tsawatar daga waje. Saurayin ƙauyen da ya kayar da itacen 'yan canji ya samu, da ciwon baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai kuma gawayi, wanda shi ne ya fi kusa da tukunyarmu. A nan dole mutum ya yi adalci. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kilo ɗaya na gas ya haye naira 1,000 a 2024, kananzir kuwa tuni ya fi ƙarfin talaka, wutar lantarki ba a maganarta. Gidajen da suka rabu da murhu sun dawo masa. Gidajen burodi, masu tsire, masu shayi, masu abincin sayarwa, duk itace ne ko gawayi. Kana iya cewa matar da ke da yara bakwai kada ta hura wuta? Duk dokar da ta ce a daina sara ba ta ce ga abin da za a dafa tuwo da shi ba, dokar wasa ce, kuma ba abin da za ta haifar sai sabon farashin cin hanci. Abin da yake ƙona mini rai shi ne wanda ake kamawa. Tsohuwa da ƙunshin ƙirare a ka, ko yaro da jaki, su ne ake ƙwace wa gatari a ci su tara. Motar da ta ɗauko buhu ɗari uku na gawayin ƙirya da marke kuwa, tana da rasit. An bar jaki ana dukan taiki. Ka tuna umarnin Umar? Mu namu mai gadin, talaka yake tarewa ya buɗe wa attajiri ƙofa.

To ina mafita? Ni ban ga wadda ta kai ta 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba, ga ta nan a tsallaken iyaka, da harshenmu ake yin ta. Su ma sun gaji doka irin tamu, har ta fi tamu tsauri: dokar Faransa ta 1935 ta mai da itatuwa na gwamnati, kuma bayan 'yancin kai aka ci gaba a haka. Manomi bai da ikon sare reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa sai da izini. Me ya biyo baya? Sai manoma suka riƙa tumɓuke duk tsiron da ya fito tun yana ƙarami, domin itace a gona jawo ma'aikacin gandun daji ne da tara. Dokar da aka yi domin kare itace ita ta hana shi girma. Fari ya zo a shekarun 1970 da 1980, iska tana binne shuka da rairayi, aka yi ta kashe kuɗi ana dasa itatuwan da aka raina a leda, yawancinsu suna mutuwa.

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirrai da ake gani a gonaki ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kare su daga dabbobi da wuta. Manoma suka raɗa masa suna sassaben zamani. Dabarar ba sabuwa ba ce ga kakanninsu, kuma ba ta cin ko sisi. Amma ba ta bazu sosai ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne. Hukuma ta sassauta, aka yi dokar karkara ta 1993, aka yi sabuwar dokar daji a 2004, haƙƙin manomi a kan abin da ya raina ya ƙara fitowa fili. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta yankin Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma da makiyaya da mata, su suke sa ƙa'ida, su suke kama ɓarawon itace. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Ba gwamnati ce ta dasa su ba. Matan da suke yini neman itacen girki sun samu a bayan gida, har da na sayarwa. A wannan ƙasar ce kuma raƙuman dawan Kure, da suka ragu zuwa 49 a 1996, suka haura 600, alhali a cikin gonakin mutane suke yawo, ba a bayan waya ba.

Kada a ce sai a Nijar. A Kuros Riba, mutanen Ekuri sun riƙe dajinsu mai kimanin hekta 33,000 da kansu tun farkon shekarun 1990, sun ƙi sayar wa kamfanonin katako, har suka tsaya tsayin daka lokacin da aka so ratsa shi da babbar hanya.

Na san abin da wani zai ce: Malam, gona daban, Rugu daban, wa za ka damƙa wa dajin da mutanen gefensa suka gudu suna kwana a makarantun firamare? Wannan magana tana da ƙarfi, ba na musu. Inda bindiga ta kafa sansani, sai an fara da fitar da ita, kuma wannan aikin soja ne. A 2025 Shugaba Tinubu ya amince da kafa rundunar masu tsaron daji, a ƙarshen 2020 kuma gwamnatin Buhari ta sanar da ƙarin manyan gandayen ƙasa guda 10, ciki har da Falgore, da dausayin Haɗeja, da Kogo a Katsina, da Allawa. Ina maraba da duka biyun. Amma Kamuku ma a hannun tarayya yake tun 1999, bai hana abin da ya faru ba. Yankari ya koma na tarayya a 1991, ya dawo hannun Bauchi a 2006. Sauya allon da ke bakin ƙofa ba ya tsare daji. Soja kuma zai zo ya tafi. Ranar da ya tafi, wa zai kwana a wurin? In amsar ita ce babu kowa, to an share wa wasu baƙin ɗaki ne kawai. Ballantana ma dazuzzuka da yawa a Kano da Jigawa da Bauchi da Gombe har yanzu da sauran lafiya, kuma a nan ya kamata a fara, tun kafin abin da ya ci Doma ya iso Awe.

Tunda kundin tsarin mulki ya bar maganar a hannun jihohi, majalisun jihohi nake kallo, ba Abuja ba. Abu na farko da nake son gani a doka shi ne a rubuta ɓaro-ɓaro cewa itacen da manomi ya dasa ko ya raina a gonarsa nasa ne, ya sassabe, ya sayar, ya bar wa magada, ba tare da neman takardar kowa ba. Na biyu, ƙauyukan da ke kewaye da kowane gandu su samu kujera ta doka a tafiyar da shi, da haƙƙin da aka rubuta: busasshen itace, ciyawa, zuma, 'ya'yan itace, magani, kiwo a lokacin da aka tsara, da kaso sananne daga duk kuɗin da gandun ya kawo. Wanda yake ci daga abu shi yake fara jin ƙarar zarto da dare. Sannan a ɗaure hannun gwamna: kada a yanke ko taku ɗaya daga gandun daji sai da amincewar majalisa a zaman fili, bayan an saurari mutanen wurin. Tara kuma a auna ta da girman ɓarna, ta hau kan mai mota da mai zarto da wanda ya sa hannu a rasit, a bar tsohuwa da ƙirarenta. Gawayi a ba shi lasisi, a ware masa gandayen itatuwa masu saurin girma da za a riƙa sara bi da bi, tunda dai ba za a daina girki ba. (Mu marubuta ma muna da ciwo a nan: kamfanonin takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku an gina su ne da nufin a riƙa ciyar da su da itacen gida, suka durƙushe, ga shi kuɗin takardar waje ya sa littafi ya gagari mai karatu.)

Akwai kujera ɗaya da in aka bar ta babu kowa, duk wannan gini rushewa zai yi, ita ce ta makiyayi. A 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar makiyaya, kuma daga cikin wuraren kiwo 415 da ake lissafawa a ƙasar, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a hukumance. Sauran, da burtalolin da suke haɗa su, gonaki sun cinye, wasu manya sun killace. Makiyayar Ruma da Kukar Jangarai da ke jikin Rugu tana cikin waɗanda aka yi ta gutsura. Bafulatanin da aka toshe wa hanya a fili, cikin gandu ya shige, inda babu makaranta, babu asibiti, babu alƙali, sai jami'in da ke zuwa karɓar tara. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya ɗauki bindiga ya kashe bayin Allah, ko kusa. Amma yaran da suka tashi a haka su ne aka fi saurin ja. Babu wanda ya san cikin Falgore kamar mai kiwo a cikinsa, kuma dokar da ta ɗauke shi ɓarawo tun kafin ya yi sata ta yi asarar idon da ya fi kowanne gani.

Saura abu ɗaya ƙarami, wanda ba ya buƙatar kasafin kuɗi mai yawa. A fassara dokar dajin kowace jiha zuwa Hausa da Fulatanci, da boko da ajami, a karanta ta a rediyo, a liƙa taswirar iyakar kowane gandu a ƙofar gidan dagacin da ke maƙwabtaka da shi. Mutanen Doguwa da Tudun Wada da Sumaila suna da 'yan majalisa a Kano. Duk wanda ya haɗu da nasa a wajen ɗaurin aure ko ta'aziyya, ya tambaye shi a wace shekara aka yi wa dokar dajin jihar gyara na ƙarshe, kuma hekta nawa ta rage a Falgore.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.